Mai Riƙe da Makullin Kanal

A watan Fabrairu, lokacin da hunturu ya busar da ko'ina a ƙasar Kano, gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam kore suke shar. Matafiyin da ya bi hanyar Zariya ta Kwanar Gafan da Kadawa kan ɗauka albarkar ƙasa ce kawai. Manomin wurin kuwa ya san koren nan a hannun wani ƙarfe yake, wato ƙofar bakin kanal, wadda ake murɗawa ta ɗaga ruwa ya wuce, a sake murɗawa ta sauka ya tsaya. Ruwan daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako. Yakan bi babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙanana, har ya iso inda manomi ke tsoma bututunsa ya zuƙo zuwa fangali. Kowace mararraba da ƙofarta, kowace ƙofa da mai riƙe da makullinta.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan dashen shinkafa, ƙasa tana tsagewa a gindinta, yana jiran a sako ruwa, ba sai an yi masa fashin baƙin fim ɗin Mad Max: Fury Road ba. George Miller na Ostireliya ne ya fitar da shi a 2015. Duniya ta zama hamada, wani azzalumi mai suna Immortan Joe ya mallake ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya tare a saman dutse. Ranar da ya ga dama sai ya tura ƙarafa, ruwa ya kwararo kan talakawa, su yi ta turereniya da kwanoni. Kafin kwano ya cika ya rufe, har ya bi su da nasihar kada su saba da ruwa. Bindigoginsa suna nan, amma ba su ne ginshiƙin mulkinsa ba. Mutumin da numfashin 'ya'yansa ke hannunka ba sai ka doke shi ba, da kansa zai zo ya durƙusa.

Sai dai a yi wa ƙofa adalci. Kanal marar ƙofa ba ya shayar da kowa. Na sama zai kwashe ruwan, na ƙarshen layi ya tashi da tabo, ga kuma kacalla da ke toshe hanya idan ba a fito gayyar yashewa ba. Dole a yi layi, a ce yau na wannan sashe, gobe na wancan, a biya kuɗin ruwa, a hana mai fasa bango da tsakar dare. Wannan takura ce, amma irin takurar sahun salla, wadda kowa ya san dalilinta. Masu ganin kowace doka a matsayin kama-karya ba su taɓa yin gona a wutsiyar kanal ba.

Inda George Orwell ya fi fim ɗin zurfi ke nan a littafinsa 1984, wanda ya fito a 1949. Ɓarnar gwamnatin cikin littafin ta wuce riƙe makulli. Aikin Winston Smith a Ma'aikatar Gaskiya shi ne gyara tsofaffin jaridu don su dace da abin da Jam'iyya mai mulki ta faɗa yau. An rage rabon cakulan daga giram 30 zuwa 20, kwana ɗaya tsakani aka sanar cewa ƙara shi aka yi zuwa 20, jama'a suka fito godiya. A kawo wannan bakin kanal a gani. An rage maka ranakun ruwa, wannan yana faruwa, manomi ya iya haƙuri da shi. To amma a je a goge tsohon jadawalin, a ce dama haka yake tun fil'azal, a sa maƙwabcin gonarka ya kai rahoto idan ya ga ka ɓata rai, sannan ɗanka na cikinka ya zama mai sauraron abin da kake faɗa cikin barci. Daga nan ko kukan ƙishirwa ba ka da ikon yi, domin an ƙwace maka shaidar cewa ka taɓa ƙoshi. Masu karatun Hausa sun san wannan dabarar tun daga Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa Animal Farm, inda aladu ke bin dare suna sauya dokokin da aka rubuta a bango, dabbobi su wayi gari suna zargin tunaninsu.

Ba mu kai can ba, kuma bai kamata a yi ƙarya a ce mun kai. Amma manyan ayyukan ban ruwa na shekarun 1970 sun zo da wannan warin. A ofis aka zana su, aka auna gonakin gado, aka baje, aka sake yankawa, aka ce ga abin da za a shuka, alkama a gaba. A Bakolori, kusa da Talata Mafara, manoman da suka rasa gonaki suka tare hanyoyi suna neman diyya, sai 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a watan Afrilun 1980. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na mamata, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne, har yau ƙidayar ba ta zama ɗaya ba. Winston zai gane wannan aikin.

A Kura taurin kan manomi ne ya yi nasara, ba tare da an yi shela ba. Mai gona ya duba kasuwa, ya duba aljihunsa, ya shuka tumatir da masara da albasa, ya rungumi shinkafa har garin ya yi suna da ita. Daga baya ƙaramin injin ban ruwa ya yawaita. Wanda ya haƙa 'yar rijiya a gefen gonarsa, ko ya jefa tiyo a magudanar da rarar ruwa ke bi, yakan gaida mai ƙofa da mutunci amma ba da rawar jiki ba. Man fetur yana cin ribarsa, gaskiya ne, sai dai ya sayi bakin magana. Abin da mai son kama-karya ya fi tsana ke nan, a samu wata mashaya da ba tasa ba. Littafi ma irin wannan mashayar ce: laifin Winston na farko ɗan littafin rubutu ne da ya saya a shagon tarkace, yana ɓuya a lungun da na'urar leƙen asiri ba ta hango shi yana rubuta abin da ke ransa. A Fahrenheit 451 na Ray Bradbury, na 1953, aikin 'yan kwana-kwana ƙona littattafai ne. Mu ma a Kano a 2007, zamanin shirin A Daidaita Sahu, an tara littattafan soyayya na Hausa an cinna musu wuta a bainar jama'a. Masu yin sun ce tarbiyyar 'yan mata suke karewa, kuma ba na shakkar da yawansu har zuci suke nufi. Cikin littattafan akwai na banza. Amma hannun da ya saba da ashana ba ya tsayawa karanta shafi na biyu.

Ƙarshen Mad Max ne kawai ban yarda da shi ba. An kashe azzalumin, aka buɗe ruwan gaba ɗaya, jama'a suna shewa, fim ya ƙare. A nuna wa tsohon manomi a Bunkure wannan, zai ce, “Yaro, wannan ai ɓarna ce.” Ya san idan aka saki Tiga haka, na kusa zai nutse, na nesa ba zai ga ɗigo ba, kafin damina ta faɗi dam ya ja baya. Washegari dole wani ya sake ɗaukar makullin, a zauna a tsara layi, kuma a wannan zaman za a yi ta cacar baki kan wa ya sha jiya, wa aka tsallake, wa ya ba mai ƙofa na goro.