Hawan allo kan ruwa: abin da muka koyo a tabkin Madarunfa

Wani mai sauraron shirinmu na wasanni ya aiko da tambaya: wane irin wasa ne ya gani a talbijin, mutum tsaye kan allo riƙe da wani babban ƙyalle, iska na gudu da shi bisa ruwa? Kuma ko za a iya yinsa a tabkin Madarunfa?

Wasan ya bunƙasa ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda Jim Drake da Hoyle Schweitzer suka ƙera irin wannan allo a ƙarshen shekarun 1960, ya kuma shiga gasar Olamfik a 1984 a Los Angeles. Sabon shiga ana ba shi allo mai faɗi da ƙaramin ƙyalle. Ya juya wa iska baya, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya jawo ƙyallen daga ruwa da igiya sannu a hankali. Kwanakin farko dai faɗuwa ta fi tafiya yawa.

Mu ba mu da allon, sai muka bar Maraɗi muka nufi tabkin, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, muka roƙi wani dattijon masunci ya koya mana tsayuwa cikin kwale-kwale. Jama'a, abin ba sauƙi! Muna miƙewa jirgin ya karkata, muka dafe baki guda, nan take muka ji mu cikin taɓo har ƙugu, yaran bakin gaɓa na ta dariya. Baba masunci bai ko murmusa ba. Ya ce mu tsaya tsakiya, mu daina kallon ƙafafunmu, mu dubi inda za mu. Ashe abin da ake faɗa wa masu koyon allon ke nan.

Tambayar da ya yi mana kafin mu shiga ita ta fi tsaya mana a rai: kun iya iyo? Ya ce wanda bai iya ba, ba ya ɗaukarsa ya wuce inda sandar tuƙi ke taɓa ƙasa. Haka kuma ba ya barin ɗan koyo ya shiga ta gefen da iskar hunturu ke kora jirgi zuwa tsakiya, domin fita da sauƙi, komowa ce aiki.

To, za a iya a Madarunfa? Bayan damina, sa'ad da Gulbin Gabi ya cika tabkin, akwai fili, akwai iska. Amma ruwan nan abincin masunta ne, kewaye da kaburburan waliyyai 99, kuma tun 2019 yana cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar. Sai an nemi yardar masu shi. Mu dai shawararmu ga magajin gari da masu kula da matasa, kafin a yi zancen allo, a fara da koya wa ƴan makaranta iyo, a kuma samar da rigunan ceto a bakin gaɓa. Ranar da muka je, ko guda ba mu gani ba.