Yadda Ake Auna Gwanintar Mai Bugu a Wasan Besbol

Besbol wasa ne da ya shahara a Amurka, Japan da Kuba. Mutum ɗaya yana jefa ƙwallo, wani kuma yana ƙoƙarin bugun ta da gora. Idan ya buge ta har ya sheƙa ya isa zangon farko kafin abokan hamayya su fitar da shi, to an rubuta masa ci ɗaya. Manufar wannan takarda ita ce a nuna wa ɗalibi yadda ake karanta alƙaluman ɗan wasa, da dalilin da ya sa ba a karanta su su kaɗai.

Ma'aunin da aka fi sani shi ne matsakaicin bugu. Ana raba yawan cin da ɗan wasa ya yi da yawan tsayuwar da ya yi don bugu. Wanda ya tsaya sau 1,000 ya ci 300, matsakaicinsa .300 ke nan, kuma a al'adar wasan ana ɗaukarsa gwani.

Bari mu ɗauki misalin Carl Yastrzemski, wanda ya yi wa ƙungiyar Boston Red Sox wasa daga 1961 zuwa 1983. Ya tsaya sau 11,988, ya ci 3,419, wato matsakaicinsa .285. Wanda ya ga wannan adadi zai ce bai ma kai .300 ba. To amma a waɗannan shekaru matsakaicin dukan ƴan wasan Rukunin Amurka, inda ƙungiyarsa take, yana kai-komo ne tsakanin .230 da .270. Ke nan ko a shekarar da bugu ya fi sauƙi, rukunin bai kai matsakaicin rayuwarsa ba.

Shekarar 1968 ta fi fito da batun fili. A wannan shekara masu jifa sun yi rinjaye ƙwarai, matsakaicin rukunin ya faɗi zuwa .230. Yastrzemski ya sami .301, kuma shi ne ya zo na ɗaya. Abin ya dami shugabannin wasan, har a 1969 suka rage tsayin tudun da mai jifa yake tsayawa a kai daga inci 15 zuwa inci 10.

Yanzu sai mu kwatanta da 1930 a ɗaya rukunin, wato Rukunin Ƙasa. A lokacin matsakaicin rukunin gaba ɗaya ya kai .303, saboda haka mai .301 yana ƙasa da tsaka-tsaki. Zakaran shekarar, Bill Terry, ya sami .401. A ido, ya yi wa Yastrzemski nisa. Amma idan aka raba adadin kowa da na rukuninsa, sai a ga Terry ya fi tsaransa da kusan kashi 32 cikin ɗari, Yastrzemski kuwa da kusan kashi 31. Tazarar ta kusa ɓacewa. Kamar ɗalibi ne da ya sami 12 bisa 20: sai an san abin da sauran aji suka samu kafin a yabe shi ko a yi masa faɗa.

Sai dai wannan hanya tana da iyaka. Matsakaicin bugu ba ya bambanta gajeren bugu da wanda ya tsallake katanga, kuma ba ya lissafa zangon da ake ba mai bugu kyauta idan mai jifa ya yi ta kuskure. Girman filin wasa ma yana tasiri.

Ɗalibi ya lura da kalmomin kwatanci da aka yi amfani da su a nan: fi, kai, ƙasa da, yi nisa. Ya gwada tsara jimloli uku da su, yana kwatanta alƙaluman 1930 da na 1968.