Karatu a Makka: Kyauta Ne, Amma a Taho da Guzuri

Tambayar da ta fi yawa a saƙonnin da 'yan uwa ke aiko mini daga Kano, Maraɗi har da Landan ita ce: "Da gaske karatu a Makka kyauta ne?" Ina digiri na biyu a Jami'ar Ummul Ƙura, kuma amsata kullum ɗaya ce: kyauta ne, amma wanda ya taho hannu rabbana zai ji jiki.

Ummul Ƙura ta samo asali ne daga Kwalejin Shari'a da aka buɗe a 1949, ta zama cikakkiyar jami'a a 1981. Ɗaliban waje kan shigo ta hanyar tallafin gwamnatin Saudiyya da ake kira minha. Iri biyu ce: ta waje, ga mai nema daga ƙasarsa, da ta cikin gida, ga baƙin da ke zaune a nan da iƙama, kamar 'ya'yan Hausawan da aka haifa a Makka.

Wanda ya samu cikakkiyar minha ta waje ba ya biyan kuɗin makaranta. Ana ba shi masauki, magani, abinci da rangwame, tikitin jirgi na zuwa gida duk shekara, da alawus na wata-wata da bai wuce riyal 1,000 ba. Tun 1986 riyal 3.75 ke daidai da dala ɗaya, don haka bayan faɗuwar naira a 2023 kuɗin ya ƙara girma a idon mutanen gida. A nan kuwa, inda harajin kayan masarufi ya kai kashi 15 cikin ɗari tun 2020, da ƙyar yake kai mutum ƙarshen wata. Wannan ne ke jawo ɓacin rai tsakanin ɗalibai da danginsu: ana ganin kana maƙwabtaka da Ka'aba, ana jiran aike, kai kuwa kana lissafin kuɗin littafi da katin waya.

Babban kashin kuɗi kafin tasowa yake. Akwai fasfo, fassara takardu zuwa Larabci, buga musu hatimin ma'aikatun ilimi da harkokin waje, gwajin lafiya, da zirga-zirga zuwa Abuja ko Yamai. Duk daga aljihunka ne. Bayan isowa ma alawus ba ya fara shigowa nan take, sai an kammala iƙama da asusun banki. Shawarata a riƙo abin da zai ɗauki mutum wata biyu zuwa uku.

Masu iyali su ne suka fi shan wuya. Wanda zai kama haya a gari ya sani cewa kuɗin gida a Makka na tashi da azumi da aikin Hajji, musamman kusa da Harami. Kuma kada a sa rai da kasuwanci a gefe.

Akwai kuma iyakar shekaru: 17 zuwa 25 ga digiri na farko da cibiyar koyon Larabci, 30 ga digiri na biyu, 35 ga na uku. Na san hazikan da shekara ɗaya tak ta raba su da wannan dama, saboda sun tsaya sai komai ya daidaita. Mu mata kuma mu duba sharaɗin muharrami a sanarwar shekarar da za mu nema.

Ana nema ne ta shafin intanet na Ma'aikatar Ilimi mai suna Udrus fis Sa'udiyya. Babu ɗalilin miƙa wa wani dillali dukiya don ya "samo gurbi", jami'a ce kaɗai ke zaɓa. Kada kuma a tsaya kan Makka kawai: akwai Jami'ar Musulunci ta Madina, da Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda, da KAUST ga masu digiri na biyu da na uku a kimiyya. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda ma yana da nasa tallafin.

Ga iyaye da yayye mazauna ƙetare, taimakon da ya fi amfani shi ne ɗaukar nauyin takardu da guzurin watannin farko, sannan a ɗauke wa ɗalibi nauyin aike har ya kammala.