Wasan da Aka Gama Kafin a Busa Usur

A gidajen kallon ƙwallo na Illela, ranar Asabar za ka tarar da samari ido ɗaya a talabijin, ɗaya a waya, suna lissafin abin da suka zuba a caca. Da yawansu sun ɗauka sa'a ce kawai ke ba su baya. Ya kamata su sani akwai wasannin da ake sayarwa tun 'yan wasa ba su ɗaura takalmi ba.

Misalin ba nesa yake ba. Ibrahim Chaibou, alƙalin wasa ɗan Nijar, maƙwabtanmu na tsallaken Ƙonni, shi ya busa wasan sada zumunta da Najeriya ta ci Ajantina 4-1 a Abuja a 2011. Lokacin da aka ƙara ya cika, bai tashi wasa ba, sai da ya ba Ajantina fenareti. Yadda kuɗi suka kwarara a kasuwar caca kan cewa za a ƙara ƙwallo ya sa aka soma bincike. A 2019 FIFA ta same shi da laifin karɓar cin hanci a wasannin ƙasa da ƙasa, ta kore shi daga harkar ƙwallo har abada.

Na cikin gida ya fi ban kunya. A Yulin 2013, a Bauchi, ƙungiyoyi biyu na neman hayewa rukuni na gaba, kuma yawan ƙwallaye ne zai raba gardama. Plateau United Feeders ta zuba wa Akurba 79, Police Machine ta zuba wa Babayaro 67. An je hutun rabin lokaci ta farko na da 7 kacal, wato ta ci 72 a minti 45. Ko mai tsaron gida barci yake, ai sai an ɗauko ƙwallo daga raga! Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma, 'yan wasa da jami'ansu kuwa har abada.

Girma ma ba ya ceto. Samson Siasia, tsohon kocin Super Eagles, FIFA ta yanke masa hukuncin kora har abada a 2019, kafin kotun wasanni ta rage shi zuwa shekara biyar a 2021.

Kai matashi mai buga gasar unguwa da burin Sokoto United, wanda zai zo da "ɗan abin goro" don ka saki ƙafa ba sunansa ne a takardar wasa ba, naka ne. A dokar FIFA, ko ba ka karɓa ba, ɓoye tayin ma laifi ne. Ka sanar da hukuma.