Ruwan Walkerton da Kujerun da Aka Bari Babu Kowa

A watan Mayun 2000, mutanen Walkerton, wani ƙaramin gari mai mutum kusan 4,800 a lardin Ontario na ƙasar Kanada, suka wayi gari da gudawa mai jini. Kafin ƙura ta lafa, mutum 7 sun riga mu gidan gaskiya, kimanin 2,300 sun kwanta, wasu yara kuma cutar ta taɓa musu ƙoda. Ba wata baƙuwar annoba ba ce. Ruwan famfon gidajensu ne.

Ruwan sama aka tafka kamar da bakin ƙwarya a ranar 12 ga watan, ya wanko kashin shanu daga wata gona, ya sirara cikin rijiya mai lamba 5, ɗaya daga cikin rijiyoyin da ke shayar da garin. Rijiyar ba ta da zurfi, kuma sinadarin kulorin da ake zubawa bai kai ya kashe ƙwayar cutar E. coli ba. Wasu 'yan'uwa biyu da ke kula da ruwan garin sun shekara da shekaru suna cika takardun awo da lambobin ƙarya. Daga baya kotu ta hukunta su a 2004: ɗaya shekara guda a kurkuku, ɗaya ɗaurin talala.

Da a nan labarin ya tsaya, da an ce sakacin mutum biyu ne. Amma Mai Shari'a Dennis O'Connor, wanda ya jagoranci binciken da aka kafa kan lamarin, ya bi sawun abin har ofishin gwamnati.

A 1995 Mike Harris ya zama firimiyan Ontario da alkawarin tsuke bakin aljihu da rage dokokin da yake ganin suna ɗaure wa 'yan kasuwa hannu. Gwamnatin da ta gabace shi ma ta fara taɓa kasafin Ma'aikatar Muhalli, sai dai a zamaninsa ne wuƙar ta kai ƙashi: cikin 'yan shekaru aka zabtare mata fiye da dala miliyan 200 na Kanada, aka rage ma'aikata sama da 750, wato fiye da kashi 30 cikin ɗari. Jami'an ma'aikatar sun faɗa wa majalisar zartarwa a rubuce cewa hakan zai ƙara haɗari ga muhalli da lafiyar jama'a. Aka ji, aka ci gaba.

Abin da ya fi yin ɓarna shi ne daina gwajin ruwan garuruwa a ɗakunan gwaji na gwamnati a 1996. A da, idan ma'aikacin gwamnati ya ga ƙwayar cuta a ruwan wani gari, yakan sanar da ma'aikatar, labari ya isa ga jami'in lafiya. Da aka miƙa aikin ga 'yan kasuwa, ba a yi dokar da ta tilasta musu yin haka ba, duk da cewa ministan lafiya da kansa ya rubuta wa takwaransa na muhalli a 1997 yana neman a yi ta. Saboda haka a ranar 17 ga Mayun 2000, da gwaji ya nuna ruwan ya gurɓata, manajan ruwan garin kaɗai aka aika wa sakamakon, shi kuwa ya yi gum. Sai ranar 21 hukumar lafiya, bisa zargin da ta yi da kanta, ta umarci jama'a su riƙa tafasa ruwa. O'Connor ya ƙiyasta cewa da an sanar da hukuma a kan lokaci, da mutum 300 zuwa 400 ba su kamu ba.

Akwai kuma batun sa ido. Wata jami'a ta duba ruwan garin a 1998, ta rubuta matsalolin da ta gani, amma ba wanda ya koma ya tabbatar an gyara. Aikin irin waɗannan ma'aikata tamkar na duba-gari ne: ranar da ya yi aikinsa babu abin da ke faruwa, shi ya sa mai neman inda zai rage kuɗi ke saurin ɗora biro a kan sunansa. A ganin mai wannan rubutu, nan ne lissafin yake karkacewa, domin albashin da aka yi tsiminsa yana fitowa a kasafin bana, asarar kuwa sai bayan shekaru, kuma a littafin asibiti.

Rahoton O'Connor, wanda ya fito a Janairun 2002, bai wanke 'yan'uwan nan ba, bai kuma wanke gwamnati ba. Harris ya nemi afuwar mutanen garin. A shekarar aka kafa dokar tsaftar ruwan sha wadda ta wajabta wa duk ɗakin gwaji kai rahoton gurɓataccen ruwa ga hukuma nan take, aka tsaurara binciken tashoshin ruwa, sannan a 2006 aka ƙara da dokar kare tushen ruwa. Masana sun ƙiyasta asarar da lamarin Walkerton ya jawo a kan fiye da dala miliyan 64 na Kanada.