Shiri na Musamman: Mutum Biyu da Suka Ce wa De Gol A'a

Yau za mu waiwayi ranar 28 ga Satumba, 1958, lokacin da Janar De Gol ya kira ƙuri'ar raba-gardama a ƙasashen da Faransa ke mulka: ko su zauna cikin sabuwar tarayyar Faransa, ko su kama gabansu nan take ba tare da ko sisin tallafi ba. A duk Afirka ta Yamma, shugabannin gwamnati biyu ne suka kira jama'arsu su ce a'a: Seku Ture na Gini da Jibo Bakari na Nijar.

Sa'o'in juna ne, an haife su a 1922, kuma dukansu a gwagwarmayar ƙwadago suka yi suna. Seku ma'aikacin gidan waya ne, Jibo kuwa malamin makaranta, wanda ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko a 1956. Amma da aka ƙidaya ƙuri'u, Gini ta ce a'a da kusan kashi 95 cikin 100, ta zama 'yantacciya ranar 2 ga Oktoba. A Nijar masu cewa i suka samu wajen kashi 78, mafi yawan masu rajista ma ba su fito ba.

To me ya raba su? Ba wanda ya fi wani ƙarfin hali. Seku dai ya riga ya share fagensa: jam'iyyarsa ta PDG ta lashe kusan duk kujerun majalisa a 1957, kuma a ƙarshen shekarar ya soke sarautun kanto, waɗanda ta hannunsu Bature ke juya ƙauye. Da ranar ta zo, Faransa ta rasa wanda za ta aika ya tsawata wa manoma.

Jibo kuwa ƙarfinsa na wurin talakawan gari: 'yan dako, direbobi, 'yan koli da leburori na Damagaram da Maraɗi da Yamai, irin mutanen da Malam Aminu Kano ya tara a jam'iyyarsa ta NEPU, wadda ke ɗasawa da Sawaba, jam'iyyar Jibo. Ƙuri'un karkara aro ya yi daga sarakunan da ya ƙulla ƙawance da su don ya hau mulki a 1957. Ba a fafe gora ranar tafiya. Faransa ta turo sabon gwamna, Kolombani, aka matsa wa sarakai, suka juya wa Jibo baya. Kada mu manta, Nijar na iyaka da Aljeriya, inda sojojin Faransa ke yaƙi tun 1954. Ba ƙasar da za su bari ta kuɓuce ba ce.

Gini ta sha horo: Turawa suka kwashe ma'aikata da kayan aiki, sai da Nkrumah na Gana ya agaza da rancen fam miliyan 10. Seku ya yi mulki har rasuwarsa a 1984, amma abin baƙin ciki, a gidan yarinsa na Boiro mutane da dama suka hallaka, har da Diallo Telli, sakataren farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Jibo ya sauka daga mulki, aka haramta Sawaba a 1959, ya yi gudun hijira, tawayen Sawaba na 1964 ya ci tura, ya dawo ya sha ɗauri a zamanin Seyni Kunce, ya rasu a Yamai a 1998.

A ganinmu, tarihi bai yi wa Jibo adalci ba. Abin da ya nema a 1958 shi Nijar ta karɓa ranar 3 ga Agusta, 1960, ta hannun abokin hamayyarsa Jori Hamani, shi kuwa yana gudun hijira. Matasa, dattawan da suka ga Sawaba suna ƙarewa; ku je ku tambaye su tun suna raye.