Bagaruwa a hannun masu bincike

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin majema a Maraɗi ko Damagaram ya ga yadda ake daka ƴaƴan bagaruwa, a jiƙa, a tsoma fatar jar akuya a ciki. Fatar da za ta ruɓe cikin kwana biyu sai ta yi shekaru tana aiki. Abin da ke hana ta ruɓa wani sinadari ne mai bauri da masana ke kira tanin, wanda ke kama nama ya ɗaure shi. Shi ne kuma ke aiki in tsohuwa ta barbaɗa garin bagaruwa a kan gyambo, ko ta ba mai zawo jiƙonta.

Masu bincike sun daɗe suna gwada wannan magani na gargajiya. Sukan shuka ƙwayoyin cuta a cikin ɗan faranti mai abincinsu, su ɗiga ruwan bagaruwa a tsakiya, su ajiye a zafin digiri 37, wato zafin jikin mutum, har awa 24. In da ƙarfi a ruwan, sai a ga fili kewaye da ɗigon, inda ƙwayoyin suka kasa tsirowa. Da milimita ake auna faɗinsa. Bagaruwa tana buɗe fili mai kyau a kan Staphylococcus aureus, mai kawo maruru da mugunya a rauni. A kan Escherichia coli da Salmonella, masu ɓata ciki, filin yakan ragu, domin suna da ɓawo na biyu da ke tare magani. An ga irin haka da sabara da marke.

Maganar ba ta masana ba ce kawai. Wani babban bincike da ya fito a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 mutum miliyan 1 da dubu 270 suka rasu a duniya saboda ƙwayoyin cuta sun daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce asarar ta fi yi wa nauyi. Masu tallar kafso a tasha da kasuwa, waɗanda ke sayar wa mutum biyu ko uku ya haɗiye ya wuce, suna da hannu a ciki. Dole a nemi sabon makami, itatuwan dajinmu kuwa suna cikin wuraren da ake dubawa.

Sai dai faranti daban, jikin ɗan Adam daban. Sau da yawa ana buƙatar ruwan itace ninki ɗari ko fiye kafin ya yi abin da ɗan kaɗan na maganin likita ke yi. Tanin ba ya ratsa hanji ya shiga jini sosai, alhali ƙwayar taifot a jini take ɓarna; mai wannan zazzaɓi in ya tsaya shan jiƙo, hanjinsa na iya hujewa. Ga shi mai tallar sassaƙe ba shi da ma'auni: ƙarfin bagaruwar bana ba lalle ya zama na bara ba. Yawan shan tanin kuma yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, abin da mai ciki ta fi kowa buƙata.